Wilin ƙarfe ko na aloyi: Wanne ya dace da tsohuwar mota?

Da dama daga cikin motocin da ke zirga-zirga a unguwar Yalwawa da sauran sassan Dutse, babban birnin jihar Jigawa, sun riga sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su shigo Najeriya.

Idan wilin irin wannan mota ya lalace, mai ita kan samu kansa a gaban zaɓi biyu: ko dai baƙin wili na ƙarfe, ko kuma fari mai sheƙi, wanda ake kira aloyi.

Akasari ido ne ke yanke hukunci. To amma babban bambancin da ke tsakaninsu yana bayyana ne a ranar da mota ta faɗa rami, wato yadda kowanne ke lalacewa, da kuma ko akwai mai iya gyara shi a inda abin ya faru.

Baƙi da fari

Wili, wanda wasu direbobi ke kira rim, shi ne da'irar ƙarfen da ake ɗaura wa taya, sannan a ɗaure shi a jikin mota da noti huɗu ko biyar.

Tun da can Hausawa sun raba maƙera gida biyu: maƙeran baƙi masu bugun ƙarfe, da maƙeran fari masu narka tagulla da azurfa. Kusan haka abin yake a masana'antar wili.

Na ƙarfe, faifai ake yankowa a matse shi da inji har ya ɗauki siffa. Kashi biyu ne, da'irar waje da taya ke zama a kai, da faifan tsakiya mai ramukan noti, sai a haɗe su da walda.

Tun wajen 1910 kamfanin Joseph Sankey na Ingila yake matse faifan ƙarfe yana yin wilin mota, a zamanin da akasarinsu na katako ne ko na waya irin na keke.

Shi kuwa aloyi, goran ruwa ne, wanda wasu ke kira sanholo, da aka gauraya da sinadarin silikon kimanin kashi 7 cikin 100 da ɗan magniziyam kaɗan. Narka shi ake yi a zuba a mazubi, kamar dai yadda masu ƙera tukwanen goran ruwa ke yi, daga nan a gasa shi a tanda na tsawon sa'o'i domin ya yi ƙwari.

Wannan gashi shi ne ƙarfin aloyi, kuma za a ga muhimmancinsa idan aka zo batun gyara.

A 1924 ne kamfanin Bugatti na Faransa ya sa wa motarsa ta tsere wilin goran ruwa na zubi. A 1966 kuma Porsche na Jamus ya fito da wani nau'i wanda dannawa ake yi da inji mai ƙarfi a maimakon zubi. Wannan ya fi ƙwari da rashin nauyi, amma yana da tsada, kuma mafi yawan abin da ke kasuwa na zubi ne.

A Najeriya, motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ciki har da 504, akasari da wilin ƙarfe suka fito. Aloyi ya yawaita ne bayan da motocin Kwatano suka cika ƙasar daga shekarun 1990.

Nauyi da shan mai

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk abin da aka ce yana rage shan mai yakan samu kasuwa, kuma ana yawan faɗin haka game da aloyi.

Gaskiya ne cewa nauyin goran ruwa kimanin kashi ɗaya bisa uku ne na nauyin ƙarfe, idan girmansu ɗaya. Sai dai taurinsa ma kashi ɗaya bisa ukun ne, don haka dole a yi wilin da kauri kafin ya ɗauki mota.

A ƙarshe, tsakanin wilin ƙarfe da aloyi na zubi masu inci 14 ko 15, bambancin kan tsaya a kilo ɗaya zuwa biyu. Akwai ma aloyi mai araha da ya fi na ƙarfe nauyi.

Ko da an haɗa ƙafa huɗun, abin bai kai nauyin jarkar ruwa mai lita 10 ba, a motar da ta haura tan ɗaya tun kafin fasinja ya shiga.

Rashin nauyin na ɗan sauƙaƙa wa sifirin da sauran kayan ƙafa aiki. Amma a tsohuwar motar da injinta ya gaji, cika iskar taya daidai da gyaran fulogi sun fi sauya wili tasiri a kan mai, nesa ba kusa ba.

Ranar da aka faɗa rami

Titunan cikin Dutse, wadda ta zama babban birnin jiha a watan Agustan 1991, ba su ne ke gwada wili ba. Haka ma sassan da aka kammala na tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka ba da kwangilarta a 2006, wadda kuma ta bi ta Wudil da Shuwarin zuwa Azare.

Gwajin yana kan hanyoyin da suka ratse daga babban titi zuwa ƙauyuka da kasuwanni, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke cike rami ya ɓoye zurfinsa. Ambaliyar 2022 ta nuna yadda damina guda ke iya yanke hanyoyi a jihar.

Idan mota ta daki bakin rami da gudu, taya kan matse har gefen kwalta ya kai ga leɓen wili.

Ƙarfe yana da jurewa. Yakan lanƙwashe ya zauna a haka, ba tare da ya rabu ba. Iska na iya fita, sitiyari na iya rawa, amma lahanin a fili yake, ido na ganinsa.

Kusan duk mai facin da ke bakin hanya, da guduma da guntun katako, zai iya mayar da leɓen yadda zai riƙe iska har a isa gida.

Aloyi na zubi ya fi ƙarfe tauri a ƙananan duka, domin yana da kauri, kuma sau da yawa yakan tsallake ramin da zai lotsa na ƙarfe. Matsalar ita ce idan dukan ya fi ƙarfinsa. Lanƙwasar da yake iya yi kafin ya tsage kaɗan ce.

Tsagar kuma ta fi zuwa a leɓen ciki, ɓangaren da ke fuskantar ƙarƙashin mota, inda ba a gani sai an kwance wilin.

Alamar farko ita ce tayar da ke saukar da iska a hankali, ana bugawa yau, jibi ta kwanta, mai faci kuma ya duba bai ga ƙusa ba.

A nan ne wasu ke yin kuskuren zura tub a cikin tayar. Iska za ta daina fita, amma tsagar na nan tana ƙara tsawo da kowane juyi, an dai rufe bakin mai gargaɗi ne kawai.

Idan duka ya yi tsanani, aloyi na iya ɓallewa gaba ɗaya, iska ta fice lokaci guda. A ƙafar gaba, a gudun kilomita 100 cikin sa'a, wannan daidai yake da fashewar taya.

Ba kuma kowace lanƙwasar wilin ƙarfe ce ke gyaruwa ba. Guduma ta leɓe ce kawai. Idan faifan tsakiya ya karkace, ko ramukan noti sun buɗe sun daina zama da'ira, ko walda ta tsage, to wilin ya gama aiki. Wanda aka sha bugawa a wuri guda ma yakan yi rauni, kuma bayan kowane gyara ana bukatar a kai shi inji a daidaita juyinsa.

Wuta da walda

Mafi haɗarin abin da ake yi wa aloyi shi ne gyaran da ba na gwani ba.

Ƙarfe yakan yi ja idan ya sha wuta, maƙeri ya gane inda aka kai. Goran ruwa ba ya sauya launi. Yana nan fari har ya kai ga narkewa, a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos idan zalla ne.

Tun kafin nan, daga wajen digiri 200, ƙwarin da ya samu a tanda yake fara gushewa. Saboda haka wilin da aka hura wa wutar gas don a miƙe shi zai iya fitowa sumul, alhali wurin ya yi laushi.

Walda ma haka take. Goran ruwa na bukatar injin walda na musamman mai amfani da iskar argon, kuma ko da shi, gefen ɗinkin ba ya komawa ƙarfinsa na asali. Akasarin kamfanonin mota ba su yarda a yi wa aloyi walda ba sam.

Ƙwararru a manyan birane kan ɗinke ƙaramar tsaga a leɓen ciki. Amma tsagar da ta taɓa ƙafafun wilin ko kewayen ramukan noti ba ta da magani, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Ko a nan aloyi na da ɗan abin ta'aziyya, domin fasasshensa ya fi mataccen wilin ƙarfe kuɗi, tun da masu narka goran ruwa na nemansa.

Akwai ƙa'ida guda da ta haɗa nau'o'in biyu: ba a yi wa wili walda taya na jikinsa, ko da an sauke iskar. Zafi na iya kunna robar daga ciki, ta yi bindiga bayan an ɗauka aiki ya ƙare.

Ƙarin girma

Ba kasafai mai sayen aloyi ke tsayawa a girman da motar ta zo da shi ba. Mai inci 15 yakan so 16 ko 17.

Tun da ramin madigadi ba ya ƙaruwa, duk abin da wili ya ƙara, daga jikin taya ake ragewa.

Tayar da aka rubuta wa 195/65 R15 tana da gefe mai tsayin milimita 127. Wadda aka rubuta wa 225/45 R17 tsayinta gaba ɗaya kusan ɗaya ne da waccan, amma gefenta milimita 101 ne kacal.

Wannan milimita 26 da aka rasa shi ne matashin da ke tsakanin bakin rami da wili. Dukan da taya ba ta shanye ba, wili ne zai sha, abin da ya rage kuma ya wuce ga boris da kayan ƙafar da suka riga suka tsufa.

Yawancin aloyin da ake zargi da saurin fashewa, ƙaramar taya ce ta bashe shi.

A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada mota ƙirar Golf da wili daga inci 15 har zuwa 19. Ta gano cewa a mafi girman, tafiyar da motar ke yi da lita guda ta ragu da kimanin kashi 10 cikin 100, kuma tashinta ya yi nauyi.

Ga kuma tsadar taya. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, kasuwar tayar mota a Najeriya ta dogara ne a kan shigowa da ita daga waje. Tayar inci 14 ko 15 ana samunta cikin sauƙi. Ta 17 kuwa, wanda tasa ta fashe a hanyar ƙauye zai iya jira sai an aiko daga birni.

Ramukan noti

Ko ƙarfe ko aloyi, wilin da bai dace da mota ba ya fi kowanne haɗari, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Yawan ramuka kaɗai bai isa ba. Abin dubawa shi ne faɗin da'irar da ramukan suka zauna a kai.

Golf 3 ta yau da kullum tana da rami huɗu a da'ira mai milimita 100. Peugeot 406 ma huɗu ne, amma a milimita 108. Na 504 kuwa 140 ne. Waɗannan ba sa shiga wa juna, don haka ba a cika ruɗewa ba.

Inda ake ruɗewa shi ne inda tazarar ta yi kaɗan. Volkswagen Sharan, wadda direbobin haya ke kira Sharon, tana da rami biyar a milimita 112. Toyota Camry rami biyar ne a milimita 114.3.

Bambancin bai kai milimita biyu da rabi ba. Da ɗan dole wilin zai shiga, noti ya ɗauru, a ga kamar komai daidai. Amma kowane noti a karkace ya zauna, kuma a kwana a tashi ko dai ya kwance ko ya karye.

Sai ramin tsakiya, wanda ke daidaita wili a kan cibiyar ƙafa. Na Golf milimita 57.1 ne, na Corolla mai noti huɗu 54.1. Ke nan wilin Golf zai hau Corolla amma da sako-sako, sai an sa masa zoben cikewa, in ba haka ba mota ta riƙa karkarwa a kan gudu. Na Corolla kuwa ba zai zauna a Golf ba, kuma kai shi a rarake ramin bisa kintace ba mafita ba ce.

A jikin wili akwai rubutu kamar 6J x 15 ET 45. Lambar farko faɗi ce a inci, ta biyu girma, ta bayan haruffan ET kuma tana nuna, a milimita, yadda wilin zai shige ciki ko ya turo waje. Idan ya turo da yawa taya za ta ci madigadi, boris ya wahala. Idan ya shige zai iya gogar birki.

Noti ma ba ɗaya ba ne. Wani gindinsa tsini ne, wani kumburi kamar rabin ƙwallo, wani kuma shimfiɗe da wasa. Aloyin Toyota na asali mai shimfiɗaɗɗen gindi yake so, wilin Volkswagen na asali kuma mai kumburi. Idan aka sa wanda ba nasa ba, ɗan siririn wuri kawai yake kamawa.

Ɗaurin kansa yana da iyaka. A ƙananan motoci yakan kama daga 100 zuwa 120 a ma'aunin Newton-mita, ƙarfin da hannun babban mutum ke bayarwa da sifana ta yau da kullum. Zura bututu a sifana a hau kai da ƙafa yana miƙar da ƙusar ne, kuma a aloyi yana cin mazaunin notin.

Ana ɗaurewa ne a gicciye, ba bi da bi ba, sannan a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. Wanda ya sauya wili a Dutse ya nufi Kano, Wudil wuri ne mai kyau na tsayawa.

Tsatsa da zafi

A Turai da Arewacin Amurka ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma shi ne babban abokin gabar wili. A Jigawa babu wannan, ga iska busasshiya a mafi yawan shekara, don haka fenti kaɗan ya ishi wilin ƙarfe.

Sai dai wilin da ya zo daga can ya riga ya sha gishirin. A na ƙarfe, a duba lungun da faifai ya haɗu da da'ira. A aloyi, wani farin gari ne ke fitowa a mazaunin taya, shi ma yana sa iska zurarewa, amma wannan gogewa yake so kawai.

Goran ruwa ya ninka ƙarfe kusan sau uku wajen kwashe zafi, kuma buɗaɗɗen aloyi na barin iska ta kai ga birki. Wannan amfani ne na gaske, ko da yake ya fi tasiri a ƙasa mai dogayen gangare. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta tsakiyar Jigawa, zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40 ya fi cutar da tsohuwar taya a kan birki.

A kasuwa

Mai neman wili na hannu daga Dutse yakan ƙare ne a wajen 'yan kayan gyara na gari, ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Wasu kayan daga Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas suke fitowa.

Sabon fenti a kan tsohon aloyi abin tambaya ne. A juya shi a duba bayansa, domin ɗinkin walda da shafen cikewa a can suke ɓuya. Kafin a biya, a ɗora shi a injin daidaita juyi a ga ko yana lilo.

Aloyin da ya fito daga kamfanin mota yana ɗauke da tambarin kamfanin da lambarsa a baya. Na Japan kan ɗauki alamar JWL, waɗanda aka amince da su a Jamus kuma lamba mai farawa da KBA. Ana kwaikwayon waɗannan alamu, amma rashinsu baki ɗaya ya isa dalilin ajiye wilin.

Tsohon aloyi na asali, lafiyayye, ya fi sabo mai sheƙi wanda ba a san maƙerinsa ba.

Wilin ƙarfe ya fi araha, kuma ana samun guda ɗaya. Mai aloyin da ɗaya ya fashe sai ya yi yawon neman mai zane iri ɗaya, ko ya sayi huɗu.

Wanne ga wa?

Ga motar haya da ke jigila zuwa kasuwar Shuwarin, ko ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, ɗauke da mutane da buhuna, wilin ƙarfe mai girman asali ya fi dacewa, kuma babu wata doguwar muhawara a kai.

Kowane wili na da iyakar nauyin da aka ƙera shi ya ɗauka. Aloyin da aka ciro daga ƙaramar mota ba lallai ne ya ɗauki Sharon cike da kaya ba, ko da ramukansu sun zo ɗaya. Lodi fiye da kima kuwa laifi ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke kamawa a kai, kuma babu wilin da ke halatta shi.

Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce daga Yalwawa zuwa sakatariya ba, sai Kano a ƙarshen mako, idan motarsa ta zo da aloyinta na asali kuma lafiyarsa ƙalau, ba shi da dalilin cire shi. Abin da zai guje wa shi ne ƙara masa girma, da kuma kai shi ga wuta idan ya lanƙwashe. Zai kuma yi la'akari da cewa aloyi na jan hankalin ɓarayi, kuma notin kulle na zama wahala a ranar da makullinsa ya ɓace.

Idan larura ta sa aka haɗa nau'i biyu a mota guda, to ƙafafun gaba su zama iri ɗaya, na baya ma haka, kuma girman taya ya zo daidai.

Akwai kuma safaya, wadda a motoci da yawa masu aloyi ta ƙarfe ce. Tun da ƙarfe bai kai aloyi kauri ba, wasu tsofaffin Mercedes kan zo da gajerun ƙusoshi na musamman dominta a cikin but, saboda dogayen na aloyi na iya zarcewa su taɓa kayan birki na baya.

A motar da ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso Dutse, sau da yawa waɗannan ƙusoshi sun daɗe da ɓacewa, kuma gara a gwada safayar a ƙofar gida a ga ko tana ɗauruwa.